Ramin da Na Gina ma Farin Wuya

Ni ne Kalilu maginin rijiya, mutumin Liba. In ka sha ruwa tsakanin Jega da Maiyama ka ji babu zartsi, ka tambaya, da wuya in ba dagina ne ya kai ga idon ruwan ba. Ban yi boko ba, allon ma ban daɗe da shi ba, amma ƙasa ta san ni. Rijiya ta rufta da ni na fito. Kwalara ta kwashe rabin gidanmu ta tsallake ni. Motar albasa ta kife da ni a hanyar Koko, na tashi na kakkaɓe riga na taya su kwasar buhuna. Sa'o'ina duk sun tafi. Dalhatu maƙwabcina kaɗai ya rage, shi ma baki ne ya rage mashi.

Ba don in yabi kaina na ɗauko zancen ga ba, ko da yake na cancanta. Zancen Rabaran Iliya ne, limamin cocin Angilikan, wanda mu nan muke ce ma Farin Wuya saboda ɗan farin abin nan da suke maƙalawa a wuyan riga. Shekara ta zagayo da rasuwarshi, anka yi taro a Maiyama, kowa ya faɗi nashi. Ni ba a miƙo mini lasifika ba. To, ga nawa.

A fadamar Aliero munka san juna. Ina gina ma wani manomin albasa rijiya, na yi nisa, sai gefen ya saki. Yashi ya rufe ni, Allah ya sa wani katako ya gitta bisa kaina ya bar mini ɗan wurin numfashi. Ina jin su sama-sama. Sunka tona kaɗan, yashi ya ci gaba da zuba, sunka ji tsoro. Na ji wani dattijo shina cewa, "Ku bar shi haka nan, kwananshi ya ƙare. A kira liman a yi mashi salla a bakin ramin." Da kunnena na ji. Mutumin da na ci tuwon gidanshi da safe.

Farin Wuya shina wucewa a babur. Lokacin shina Sabon Garin Jega, saurayi ne dogo daga wajen Zuru, ya ɗauko wata mata da ta karye zai kai ta wurin masu ɗori na Aliero. Ya ga taro ya tsaya. Da anka gaya mashi, ya ce, "Wa ya ga gawar?" Babu wanda ya gani. Ya tuɓe doguwar rigarshi ya miƙa ma mai karayar ta riƙe, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya sauka da ƙwarya a hannu. Bai iya aikin ba, ni ne shaida, kusan ya ƙara rufta mini sauran. Amma da samarin sunka ga baƙo ya sauka, kunya ta kama su sunka bi shi.

Mutane suna cewa shi ya fid da ni. Ni dai na san ni na ƙi mutuwa. Shi yashi ya kwashe.

Da anka shimfiɗe ni a kunyar albasa na gama tofar da ƙasa, na dube shi, farin wuyan nan ya koma ja. Na ce, "Kai wane ne?" Ya faɗi. Na ce, "To ji nan. Kai ka tone ni daga kushewa. Ran da ka mutu, ni zan gina taka. Ba wani ba."

Ya yi dariya har ya zauna ƙasa. Ya ce, "Na karɓa. Amma kada ka yi gaggawa."

Alkawarin ke nan. A gaban mutane anka yi shi, wasunsu 'ya'yansu suna raye.

Daga nan munka kama aiki tare. Duk ƙauyen da ya shiga ya ga mata suna tatsar ruwa a tafki, sai ya aiko a kira ni. Shi ya san inda zai roƙo siminti, ni na san inda ruwa yake. Bai taɓa tambaya ko 'yan cocinshi ne a garin ba. Sau da yawa ma babu ko ɗaya. A rugar Fulani bayan Maiyama munka gina wadda har yau shanu ke sha. Ranar da anka tuna shi, wani mai kwat ya ce Rabaran da hannunshi ya gina rijiyoyin nan. Ƙarya ce. Guga yake ja, shi ma sai ya zuba mini rabin ƙasar a ka.

Amma abin da ya yi, ya yi. Shekarar kwalara babur ɗinshi bai huce ba, har gawa ya goya. In anka yi mutuwa a gidan Musulmi, shina zuwa ya zauna can gefen tabarma, ya san lokacin magana ya san lokacin yin shiru. In shanu sunka shiga albasar wani, kafin a zaro adda an ji ƙarar babur ɗinshi, ya zaunar da su yana ba'a da rabin Fulatancin da ya iya har mai gona ya manta da fushi. Ranar Lahadi kuwa in ka bi ta bayan cocin ka ji muryarshi, sai ka ce ba shi ne mai raha ba.

Sau ɗaya ya taɓa kirana zuwa addininshi. Muna zaune bakin wata rijiya muna cin rogo, ya yi mini bayani mai tsawo, da gaske yake, har idonshi ya kawo ruwa. Na bari ya gama. Na ce, "Farin Wuya, rogon ga ya fi wa'azinka gishiri."

Ya ce, "Kalilu, taurin kanka ya fi dutsen da ya karya maka dagi. Zan ci gaba da yi maka addu'a."

Na ce, "Ni ma ina yi maka. Mu ga ta wa za a karɓa."

Bai sake ba, ban sake ba. Amma duk inda munka gamu, ko a kasuwar Jega cikin mutane, sai ya ɗaga murya: "Mai kushewata, dagi na nan?" In ce, "Shina nan, kai ke ɓata mini lokaci." Har ya tsufa, ya aje aiki, ya zauna kusa da ƙaramin cocin da ya gina a bakin Maiyama. Wata rana ya ja ni bayan cocin, ya nuna mini gindin wani itacen dogon yaro da ya dasa. Ya ce, "Nan. Akwai inuwa, kuma ba na jin hayaniyar hanya." Na buga ƙafa na ji ƙasar. Na ce, "Jar ƙasa ce, ba ta rufta. Ka iya zaɓe."

Farkon damina ya rasu, da hantsi. Wani ɗan acaba ya kawo labarin Liba. Ban tsaya kuka ba, kuka na masu zama ne. Na saɓa dagi da shebur na hau bayanshi.

Na iske gidan cike da matan zumunta na cocin suna waƙa suna hawaye. Na zare kara ɗaya daga danga na shiga. Matarshi, Mama Tabita, tana zaune bakin gado. Ta ɗago ta ce, "Kalilu, abokinka ya tafi."

Na ce, "Na zo da dagi, Mama."

Ta dubi karan, ta dube ni, ban sani ba ko ta gane. Ta ce, "Yi abin da kunka shirya."

Na auna shi da karan daga ka zuwa diddige, na karya daidai. Na auna kafaɗa da taƙi. Haka muke yi, haka na ga ubana ya yi. Na nufi gindin dogon yaro.

Ku ji irin aikin da na yi, ina tsoho mai jikoki masu 'ya'ya. Mu kushewa hawa biyu muke yi mata: uwa a sama mai faɗi, ɗiya a ƙasa, matsattsiya, daidai kafaɗar mutum in an kwantar da shi a gefe. Na gina uwar, na gina ɗiyar. Na daddaɓe gefen da bayan shebur har ya yi sulɓi kamar an shafe ɗaki. Duk saiwar da ta leƙo na datse ta. Samari sunka zo za su taya ni na kore su, alkawarin ba da su anka yi ba. Na saro itacen da za a jera bisa. Kafin a kira azahar na gama. Tun da nake gina ƙasa ban yi rami mai kyan wanga ba, kuma duk ƙasar Kabi babu mai yin irinshi.

Na koma gidan ina haki, na ce ma katikis, wato mataimakin limamin cocin, wani mai sanyin murya, "Na gama. A fito da shi tun rana ba ta yi sanyi ba."

Ya ce, "A fito da wa, Baba?"

Ashe ina cikin rami mota ta zo ta ɗauke shi. An kai shi ɗakin sanyi na asibiti a birni. Katikis ya ce sai ɗanshi ya zo daga Abuja, sai Bishop, babban limaminsu, ya sa rana, sai an buga zane mai hotonshi.

Na ce, "Mutum ne fa, ba kifi ba. Yaushe?"

Ya ce, "Wataƙila ƙarshen wata. Wataƙila na gaba."

Na daɗe tare da Kirista, na sha zuwa gaisuwar mutuwarsu. Amma gaisuwa nake zuwa bayan an gama, in ci shinkafa in tafi. Ban taɓa tsayawa na ga yadda suke sa mutum a ƙasa ba. Wa zai ce mini ana aje gawa kamar irin albasa a jira lokaci?

Ramin ya kwana buɗe. A wurinmu ba a yin haka. Na rufe shi da zana na danne da duwatsu. Ruwan sama ya zo ya cika shi, na kwashe da guga na sake gyara gefen. Ya sake zuwa, na sake kwashewa. Kullum ina hanya tsakanin Liba da Maiyama, shuka ta wuce ni a gonata. Akuyar wata mata ta faɗa ciki, na fid da ita, matar ta zage ni tas.

A Liba kuwa na zama abin hira. Dalhatu shina zaune ƙofar gida shina jirana kowane maraice.

"A'a, sarkin gina! Yaya amaryar? Har yanzu ango bai tare ba?"

"Ka kama bakinka, Dalhatu."

"Ni dai na ji an ce kushewa ba ta zama da yunwa. In ba a ba ta wanda anka gina ma ba, mai ginin take ci. Ka auna kanka da karan nan kuwa? Ai kun kusa tsawo."

"In ta ci ni ai ta ci namiji. Kai ko kura ta same ka sai ta nemi mahaɗi."

"Ka bar gonarka ciyawa na ci, kana gadin ramin wanda ko salla ba za ka yi mashi ba."

Na ce, "Ranar da anka so a yi mini salla da raina, masu sallar suna bakin rami, shi ne a ciki." Ya ja sandarshi ya shige gida. Washegari ya dasa daga inda ya tsaya.

Da ranar ta matso, ɗan ya iso. Filibus sunanshi, injiniya ne. Na san shi tun shina yawo ba wando, ni na sassaƙa mashi ɗan dagi na wasa. Ya zo da motar bulo da yashi da magina daga birni. Ya durƙusa ya gaishe ni, ba zan yi mashi ƙarya ba, yaron da ladabi. Na ja shi gindin dogon yaro na yaye zanar.

Ya leƙa. Ya daɗe shina kallo. Ya ce, "Baba, wannan aiki ne. Amma akwati ba zai shiga nan ba."

Na ce, "Wane akwati?"

"Akwatin da za a sa shi ciki."

"Ubanka tufafi ne?"

Maginan sunka fashe da dariya. Ɗaya ya sauka cikin uwar, ya zura ƙafa a ɗiyar, ya ce da sauran, "Wannan ai kwata ce." Da ƙarfina na da ne, da a ciki zan bar shi.

Filibus ya tsawata masu. Ya nuna mini faɗin akwatin da hannuwa biyu. Wani abu kamar kwalekwale. Na ce, "To. Ban sani ba, yanzu na sani. Ba ni zuwa la'asar. In fasa ɗiyar in buɗe shi, kwalekwalenku ya shiga har da wurin juyawa."

Ya ce, "Baba, ba faɗin kaɗai ba ne. Za a yi gini da bulo a ciki, a sa tayil, a rufe da kankare. Kuma an riga an zaɓi wuri a gaban coci, bakin hanya, inda duk mai wucewa zai gani."

"Shi ya ce nan. Ya ce ba ya son hayaniyar hanya."

"Bai gaya mana ba."

"Ni ya gaya ma."

Munka tafi wurin Mama Tabita. Ta rame, murya ta dushe. Ta ce, "Filibus, gaskiya ne, akwai magana tsakaninsu. Tun ba a haife ka ba ubanka ke kiranshi mai kushewata."

Ya ce, "Mama, ai wasa suke yi. Kowa ya san Baba da wasa."

Wasa. Na dubi Mama ina jira ta ce a'a. Ta buɗe baki, ta dubi ɗanta, ta dubi baƙin da sunka cika tsakar gida, ta ce, "Ni dai na gaji. Ku yi yadda za a rabu lafiya."

Filibus ya ga fuskata. Ya ce, "Ga abin da za mu yi, Baba. Ka zo da daginka, kai za ka fara sara a sabon wurin. Sara ɗaya, a ɗauki hoto, a sa a littafin jana'iza. Alkawari ya cika ke nan."

Na ce, "Yaro, da ubanka ya sauko mini, ƙwarya ɗaya ya kwasa ya tsaya a ɗauke shi hoto?"

Na saɓa dagina na fita. Har yau akwai masu cewa na yi girman kai. Su faɗa. Kushewa na ce zan gina, ban ce zan sari ƙasa ba.

Ranar jana'iza Maiyama ta cika. Limaman coci cikin fararen riguna kamar balbelu, matan zumunta da zanen hotonshi, manoman Aliero mota guda, Fulanin rugar nan sun jawo rago. Mutane sun yi kuka na gaskiya, wannan ban hana ma kowa ba, an so shi. Na tsaya can baya. Na ga akwatin shina walƙiya, da hannuwan ƙarfe. Ban ga fuskarshi ba. Sunka sauke shi da igiya cikin ɗakin tayil, Bishop ya karanta abin da zai karanta, anka miƙa ma iyalin yashi a faranti kowa ya barbaɗa. Yashin magina, wanda anka sayo a mota. Ko ƙasar Maiyama ba ta taɓa shi ba. Sunka jawo kankare sunka rufe.

Ni haushina ba na Filibus ba ne. Yaro ya yi ma ubanshi abin da ya sani. Haushina na Farin Wuya ne, kuma da ina da hanyar da zan gaya mashi da na gaya mashi. Kai ka san a akwati ake sa ku. Ka binne mutane sun fi gashin kaina. Ka san ni ban sani ba. Shekara da shekaru muna zama bakin rijiya muna hirar duniya, ba ka taɓa cewa, Kalilu, in ka tashi ka yi shi da faɗi ba. Ba ka gaya ma ɗanka ba. Ba ka kira katikis ka ce ku shaida ba. Ko dai ka manta, ko kuwa yaron ne da gaskiya, ni kaɗai nake ɗauke da abin, kai dariya kake. Mutumin da zan tambaya shina ƙarƙashin kankare.

Bayan an watse katikis ya same ni. Shina murza hannu. Ya ce, "Baba, kwamiti ya ce ramin nan na baya, yara suna wasa a wurin. Ko mu sa samari su cike?"

Na ce, "Wanda ya taɓa shi sai na karya mashi hannu, kuma babu mai kai shi wurin masu ɗori na Aliero yanzu."

Washegari da safe na zo da shebur. Ginawa rabin yini ta ɗauke ni, cikewa kuwa har rana ta karkata ban kai rabi ba. Ina cikin haka na ji tari a bayana. Dalhatu ne, ya biyo ɗan acaba, ya zauna gindin dogon yaro da sandarshi. Na jira ya fara. Bai fara ba. Can ya miƙe ya riƙa tura ƙasa da gefen ƙafa, kaɗan-kaɗan, kamar kaza. Ban hana shi ba.

Da munka daidaita wurin na daddaɓe, ya ce, "To kai fa, Kalilu? Wa zai gina taka?"

Na ce, "Duk wanda ya ga dama. Na daina ɗaukar alkawari, na daina karɓa."

In zan je kasuwar Maiyama dole ta gaban cocin nake bi. Masu acaba suna rage gudu su nuna mini, wai in ga tayil ɗin, wai har da hotonshi a jiki. Gonar da ke ɗaya hannun nake kallo har mu wuce. Sun ce ya yi kyau.